Yadda Tsofaffin Makiyayan Amurka Suka Aje Sirdi Suka Shiga Mota

  

Hirarmu ta yau ta tarihi ce. Za mu ƙetare teku mu tafi Amurka, mu ga yadda masu kiwon shanu na can suka yi shekaru ɗaruruwa bisa doki. Za mu kuma ga dalilin da ya sa a yau da yawa cikinsu, musamman dattawa, suka aje sirdi suka koma ƴar ƙaramar mota. Mai alli ko alƙalami ya riƙa rubuta shekarun da za mu faɗa, don akwai tambayoyi a ƙarshe.

Kaboyi na sinima da kaboyi na gaskiya

Duk wanda ya taɓa shiga sinima a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san kaboyi. Ga malafa, ga bindiga a ƙugu, ga doki a guje. Har ɗan ƙasarmu, marigayi Mustafa Alasan, ya yi fim a kan haka a shekara ta 1966. Ya nuna wani saurayi da ya komo gida daga tafiya da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka tada hankalin ƙauye.

To, kalmar kaboyi Ingilishi ce, ma'anarta yaron shanu, wato makiyayi. Kaboyi na gaskiya ɗan ƙodago ne, ana biyansa a wata don ya tsare shanun wani. Kayan aikinsa igiya ce da sirdi. Labarinsa ne za ku ji yau.

Yadda doki da saniya suka shiga Amurka

Kafin zuwan Turawa babu saniya irin tamu a Amurka, sai wata irin ɓauna. Doki ma babu. Masana sun ce an taɓa yin dawaki can, amma sun ƙare tun shekaru dubbai da suka wuce. A shekara ta 1493 Kolombus ya koma can tafiya ta biyu daga ƙasar Ispaniya, ya kai dawaki da shanu cikin jiragen ruwa. A 1519 wani Baturen Ispaniya mai suna Kortes ya sauka ƙasar Meksiko da dawaki 16. Ba a jima ba aka kawo shanu su ma.

Ƙasa ce mai faɗi, ga ciyawa, ba shinge. Aka saki shanu suka yi ta haihuwa, har suka koma kamar naman daji.

A nan sai ku lura da abu guda. Makiyayinmu yana tafiya da ƙafa cikin garkensa, da sanda bisa kafaɗa. Ana tatsar saniya safe da yamma, ta san hannun mai ita, ta san muryarsa. Shanun can kuwa don nama da fata ake kiwonsu, ba a tatsarsu. Saniya tana iya yin watanni ba ta ga mutum ba. In mutum ya nufo ta da ƙafa, ko ta gudu ko ta taso masa. Wannan ne ya tilasta wa makiyayan can hawan doki.

Makiyayan farko na Meksiko ana kiransu bakero. Da yawa cikinsu ƴan asalin ƙasar ne, wasu kuma baƙar fata ne da aka kai can bauta daga Afirka. Su ne suka gwanance da jefa igiya su zarge saniya tana gudu. Sirdinsu yana da wani ƙaho a gaba, inda ake naɗa igiyar, doki ya cije, saniya ta tsaya. Suna ɗana wa kowace dabba ƙarfe mai zafi, shaidar mai ita, kamar yadda ake yi a wurinmu. Daga wurinsu ne mutanen jihar Teksas, a kudancin Amurka, suka koyi wannan sana'a.

Zamanin kora mai nisa

Daga 1861 zuwa 1865 Amurkawa suka yi yaƙin basasa tsakanin kudu da arewa, yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar. Mazan Teksas suna wurin yaƙi, shanu suna ta ƙaruwa a daji. Da aka gama, shanu sun yi yawa har sun rasa daraja. Sa guda bai wuce dola 4 ba. Dola kuɗin Amurka ne, kada ku haɗa ta da dalarmu. A manyan biranen arewa kuwa ana neman nama, sa yana kai dola 40. Ku yi lissafi, ninki 10 ke nan.

Amma hanyar jirgin ƙasa ba ta kai kudancin Teksas ba. A 1867 wani ɗan kasuwa mai suna Makoyi ya gina shingayen shanu a garin Abilin, cikin jihar Kansas, bakin hanyar jirgi. Sai aka shiga koro shanu da ƙafa zuwa can. A shekarar farko an loda shanu wajen 35,000. A 1871 waɗanda aka koro sun kai wajen 600,000.

Tafiyar ta fi kilomita 1,000, wato ta fi nisan Yamai zuwa Damagaram. Tana cin wata biyu ko uku. Garke guda yakan kai shanu 2,000 zuwa 3,000, amma masu korarsa ba su wuce mutum 10 ko 12 ba. A yini ba su wuce kilomita 20 zuwa 25, don shanu su samu kiwo a hanya, kada su rame kafin kasuwa. Kowane mutum yana da dawaki da yawa, yana sauya su, na safe dabam, na dare dabam.

Aikin yana da wuya ƙwarai. Ana ƙetare koguna da iyo. In aka yi tsawa da dare, shanu dubu su zabura gaba ɗaya, dole a bi su a guje cikin duhu. Doki ya sa ƙafa a rami, mahayi ya faɗi gaban garke. Saboda haka galibin masu wannan aiki samari ne, da yawa ba su kai shekara 25 ba. Cikinsu akwai ƴantattun bayi da mutanen Meksiko masu yawa. Wanda ya tsufa, ko ya karye ya kasa hawa, sau da yawa sai ya koma bisa amalanken abinci, ya zama mai dafa wa ayari. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa: tun farko kiwo bisa doki aikin masu jini a jika ne.

Waya mai ƙaya da sanyin 1886

Zamanin kora bai wuce shekara 20 ba. Abu biyu suka kashe shi, ban da hanyar jirgi da ta iso Teksas.

Na farko waya mai ƙaya. Tun 1862 gwamnati ta yi doka tana ba manoma fili, kowa kamar hekta 65. Amma filayen ba su da itatuwan yin shinge, shanu suna shiga gonaki. A 1874 wani manomi mai suna Gilidan ya samu takardar mallakar irin wayarsa mai ƙaya, mai arha, mai sauƙin kafawa. Manoma da manyan masu shanu suka yi ta killace ƙasa, aka toshe burtali, aka toshe mashaya. A 1883 rikici ya yi zafi a Teksas, mutane suna fita da dare suna yanke waya. A 1884 aka yi doka, aka hana yanke shingen wani, aka kuma hana toshe hanyar jama'a ba tare da barin ƙofa ba.

Na biyu sanyi. A ƙarshen 1886 zuwa farkon 1887 aka yi wani mugun hunturu a filayen arewa. Dama shanu sun fi ƙarfin ciyawa, kuma an yi fari kafin nan. Ƙanƙara ta rufe ƙasa wata da watanni, shanu suka mutu dubbai bisa dubbai, masu dukiya da yawa suka tsiyace.

Waɗanda suka saura suka sake dabara. Suka rage yawan shanu, suka tsare su cikin shinge. Suka riƙa yankan ciyawa suna ajewa don lokacin sanyi. Suka haƙa rijiyoyi, suka kafa famfo mai aiki da iska.

Daga nan aikin makiyayi ya sake kama. Yau gyaran shinge, gobe gyaran famfo, jibi kai ciyawa da gishiri. Duk waɗannan ayyukan ɗaukar kaya ne. Dokin sirdi kuwa mutum yake ɗauka, ba ya ɗaukar naɗin waya da turaku da damin ciyawa. Kun ga tun kafin a ƙera mota, an riga an share mata wuri.

Shigowar mota

A 1908 kamfanin Ford ya fito da mota mai arha wadda talaka zai iya saye. Manoma suka riƙa cire kujerar baya suna kafa akwatin katako don kaya. A 1925 kamfanin da kansa ya fara sayar da ita da buɗaɗɗen baya, irin wadda ake kira a-kori-kura.

Ga lissafin da zai nuna muku girman canjin. Wajen 1918 dawaki da alfadarai na gonakin Amurka sun kai kamar miliyan 26. A 1954 motocin noma suka fi su yawa. A 1960 saura kamar miliyan 3 kawai.

Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945, aka fara sayar wa farar hula motar soja mai suna Jeep, wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja. A 1948 Ingila ta fito da Land Rover, wadda kowa ya sani a dajinmu, ita ma don manoma aka fara yin ta. Manyan motoci suka karɓi kai shanu kasuwa.

Duk da haka dokin kiwo bai ɓace ba. Babbar mota ba ta shiga kwazazzabo, ba ta iya juyawa da sauri ta tare saniya. Sai makiyayi ya riƙa sa dokinsa cikin akwatin da mota take ja, ya kai shi bakin makiyaya, ya sauke shi ya hau. Doki da mota suka raba aiki, haka aka zauna shekaru da yawa.

Moto mai ƙafa uku, mai ƙafa huɗu, da ƴar motar kiwo

A 1970 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya kai Amurka wani moto, wato babur, mai ƙafa uku masu kauri. Don wasa aka yi shi, amma manoma suka ga yana bin laka da yashi, suka sa shi aiki. Sai dai yana da saurin kifewa, ya kashe mutane da yawa, har da yara. A 1988 aka daina sayar da sabonsa a Amurka. Kafin nan, a 1982, kamfanin Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu, shi ne ya gaje shi.

Cikin 1988 ɗin kuma kamfanin Kawasaki ya fito da wani abu sabo, ya sa masa suna Mule, ma'ana alfadari. Ƴar ƙaramar mota ce, ba ta kai rabin a-kori-kura ba. Tana da kujerar mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, da akwatin kaya a baya. A 1992 kamfanin John Deere ya fito da tasa mai suna Gator, wasu kamfanoni suka bi. Ita ce za mu riƙa kira ƴar motar kiwo.

Da farko masu doki sun yi mata ba'a, ita da moton. Suna ce musu dokin Japan. A wurinsu hawan doki shi ne mutuncin makiyayi, kamar yadda sanda da garke suke mutuncin Bafillace. To, me ya sa yau ta cika wuraren kiwo?

Makiyaya sun tsufa

Amsar tana cikin shekarun mutanen. A 1900, cikin ma'aikata 100 na Amurka wajen 40 aikin gona da kiwo suke yi. Yau ba su kai 2 ba. A 1935 gonaki da wuraren kiwo sun kai miliyan 6 da dubu 800. A ƙidayar 2022 saura miliyan 1 da dubu 900. Ɗiyan manoma sun yi karatu, sun tafi birni aikin albashi, ba su komo ba.

Ƙidayar ta 2022 ta nuna wani abu kuma. In aka haɗa shekarun manoma da makiyaya duka aka raba daidai, kowa zai tashi da shekara 58. Cikin mutum 100, su 38 sun kai shekara 65 ko sun wuce. Waɗanda ba su kai 35 ba, su 9 ne kawai. Kuma 36 cikin 100 mata ne. Ku tuna da samarin zamanin kora. Aikin da ƴan shekara 20 suka yi, yau yana hannun ƴan 60 da 70.

A ce ga wani dattijo mai shekara 70, yana da shanu 200, daga shi sai matarsa. Da asuba zai shiga shinge ya kama doki. Zai ɗaga sirdi mai nauyin kilo 15 zuwa 20 ya aza bisa bayan dabbar da tsayinta ya kai mita ɗaya da rabi. Zai ɗaga ƙafa ya sa a likkafa, gwiwa tana ciwo, ƙugu yana ciwo. Makiyaya tana da ƙofofi da yawa, kowace ƙofar waya sai ya sauka ya buɗe, ya rufe, ya sake hawa. Ga sanyi mai daskarar da ruwa.

Babban abin tsoro faɗuwa ce. Doki mai rai ne, ko mafi ladabi yana iya zabura don maciji ko tsuntsu. Saurayi ya faɗi, ya karkaɗe ƙura ya hau. Tsoho ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, yana kwance cikin daji, asibiti tana da nisa. Ko ya warke, da wuya ya koma yadda yake. Ɗan ƙodago wanda ya iya doki kuwa ya yi wuyar samu, kuma yana da tsada.

Sai zaɓi ya rage biyu. Ko ya sayar da shanu da filin da ya gada tun kakanni, ya koma gari ya zauna, ko ya sake abin hawa. In aka sayar da irin wannan fili, sau da yawa babban attajiri ne yake haɗe shi, ko a yanka shi a gina gidaje. Sanin da dattijon ya tara na shekara 50, na kowace saniya da kowane kwari, ya tafi ke nan.

Shi ya sa dattawa suka fi son ƴar motar kiwo bisa moto mai ƙafa huɗu. Moton sai an ɗare shi kamar doki, kuma sai mahayi ya riƙa karkata jikinsa in zai sha kwana ko zai hau tudu. Ƴar motar kuwa zama ake yi kamar bisa kujera. Ba ta da tsayi, shiga da fita ba wuya. Tana da ƙarafa a sama masu tare mutum in ta kife, da ɗamarar ɗaure jiki. Wasu suna da rufi da ƙofa da abin ɗumama ciki. Akwatinta yana ɗaukar kilo 200 zuwa 400 ko fiye. Waya, guduma, gishiri, magani, kare, duka su shiga. Matar gida ko jika ya zauna a gefe, ana tafe ana nuna masa shanu. Matar da mijinta ya rasu ma tana iya riƙe garke da ita.

Da ana kora, yanzu ana kira

Motar ta sake har yadda ake tafiyar da shanu. A jihohi irin su Teksas da Oklahoma da Kansas, lokacin sanyi ana ba shanu wani dunƙulen abinci da ake yi da anguryar auduga da hatsi. Mai shanu yakan zo da mota, ya busa ƙaho ko jiniya, ya zuba abincin. Bayan ƴan kwanaki shanu sun gane. Da sun ji ƙarar, sai su fito daga kowane lungu su nufo motar. Yana zaune ya ƙirga su, ya ga mai ɗingishi, ya ga wadda ta kusa haihuwa. In yana son ya kai su wata makiyaya, sai ya wuce gaba a hankali, su biyo shi. Aikin da dā sai mahaya biyar, yanzu tsoho guda yana yin sa.

Kun ga sun komo kusa da abin da makiyayanmu suka sani tun tuni. Bafillace yana gaba, yana kira, shanu suna biye.

Lokacin haihuwa ma akwai dabara. Ana son a kama ɗan maraƙi a sa masa lamba a kunne, a ba shi magani, uwar kuwa tana iya sukar mutum. Sai aka ƙera wani keji na ƙarfe da ake ɗaurawa a gefen motar. A rufa shi kan maraƙin, mutum ya shiga ciki ya yi aikinsa, uwar tana waje tana kallo.

Masana halin dabbobi sun taimaka, irin su wata malamar jami'a a jihar Kolorado mai suna Temple Grandin. Ta bayyana cewa kowace saniya tana da iyakar kusantar da take yarda da ita. In ka shiga iyakar ta matsa, in ka ja baya ta tsaya. In ka tsaya bayan kafaɗarta ta yi gaba, in ka tsaya gaban kafaɗar ta ja baya. Wanda ya san haka ba ya bukatar gudu ko ihu, ko bisa doki yake, ko cikin mota, ko a ƙasa.

Tsada da haɗari

Kada ku zaci abin alheri ne zalla. Sabuwar ƴar motar kiwo tana kai dola 10,000, wasu sun ninka haka. Da kuɗinmu ta wuce sefa miliyan 5. Tana shan mai, tana son taya da kayan gyara da makaniki. Gaskiya ne doki yana cin ciyawa kamar kilo 10 kowace rana, ko ya yi aiki ko bai yi ba, mota kuwa in an kashe ta ba ta cin komi. Amma goɗiya tana haihuwa. Mota kullum darajarta raguwa take yi.

Haɗari ma bai ƙare ba. Kowace shekara mutane ɗaruruwa suna mutuwa a Amurka da irin waɗannan abubuwan hawa. Moto mai ƙafa huɗu yakan kai kilo 300. In ya kife bisa ƙirjin tsoho, ba ya iya ture shi. A ƙasar Ostareliya, inda su ma suke da manyan wuraren kiwon shanu, moton ya daɗe cikin manyan abubuwan da ke kashe manoma. Saboda haka tun watan Oktoba na 2021 ba a sayar da sabon moton aiki can sai da ƙarfen kariya a bayansa. Ƴar motar ma, in mutum bai ɗaura ɗamara ba, ƙarfen da aka yi don tsaronsa shi ne zai danne shi.

Doki yana da ido, yana kauce wa rami da kansa, ya san hanyar gida. Mai mota kuwa idonsa guda a kan saniya, guda a kan ƙasa. Zafin injin yana iya kunna wa busasshiyar ciyawa wuta. Tayoyi suna yanka ƙasa, ruwa ya bi sawun ya zama kwazazzabo. Mai gaggawa kuma yakan kori shanu da gudu, maruƙa su rabu da uwayensu, garke ya rame.

Inda doki ya riƙe wurinsa

Har yanzu akwai wuraren da doki ne kawai. Cikin duwatsu da kurmi mai ƙaya mota ba ta wucewa. In za a zarge babban sa a daji a yi masa magani, sai doki. In za a ware saniya guda daga cikin garke, dokin da aka horar yana karanta motsinta tun kafin mahayi ya ja linzami. A manyan wuraren turka, inda ake tara shanu dubbai, masu neman marar lafiya suna zagayawa bisa doki, don daga sama an fi gani. Manyan gidajen kiwo na Teksas, irin su King Ranch da aka kafa a 1853, sun shahara da dawakinsu. A gidaje da yawa an raba aiki: aikin kullum na mota, ranar tara shanu kuwa maƙwabta da ɗiya da jikoki su zo da dawakinsu, dattijo ya tsare ƙofa cikin motarsa yana ba da umarni.

Abin da za mu riƙe

Jama'a, ba mu kawo wannan tarihi don mu ce kowa ya nemi mota ba. Kiwonsu dabam, namu dabam, aljihunsu dabam, namu dabam. Abin lura shi ne, duk lokacin da makiyayan can suka sake abin hawa, wani abu ne ya riga ya sake. Saniya ta zama ta daji, suka hau doki. Shinge ya kawo ɗaukar kaya, suka shiga mota. Samari suka tafi, ƙarfi ya ragu, suka nemi abin da tsoho zai iya. Cikin duka wannan, wanda ya san saniya shi ne makiyayi.

Tambayar da ta same su tana ƙofarmu mu ma. A garuruwanmu da yawa samari suna tafiya bida, a bar tsofaffi da mata da jan ruwa da neman ciyawa. Amalanken jaki da ke ɗauko ruwa da harawa, da moton da ake bin ɓatacciyar dabba da shi, sun riga sun shigo. Dattijon da ya karɓi abin da zai rage masa wahala bai yi abin kunya ba. Amma ƴar motar ta ƙara wa tsohon Amurka shekaru ne kawai cikin garkensa, ba ta ba shi magaji ba. In ba a zaunar da yaro kusa da tsoho ya koya ba, ranar da tsohon ya kwanta babu injin da zai san garken.

Ga tambayoyin da za ku tattauna a aji tare da malaminku:

1. Me ya sa makiyayan Amurka suka hau doki, namu kuwa suke tafiya da ƙafa?
2. A wace shekara Gilidan ya samu takardar wayarsa mai ƙaya, kuma yaya wayar ta sake aikin makiyayi?
3. Daga 1925 zuwa 1988 shekara nawa ne?
4. Ku faɗi amfani biyu da haɗari biyu na ƴar motar kiwo.
5. A garinku, wane aikin kiwo ne ya fi wahalar da tsofaffi, kuma me ƙungiyarku za ta iya yi a kai?

Kowa ya rubuta amsarsa da hannunsa, ko da layi biyu ne. Malamai su tattara su aiko mana, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana bisashenmu, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Sai wani sati, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.